Tsagar Kakata a Allon Monita

Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kirana da sunana ba. "Uwata" yake cewa, ko da zai yi mini faɗa ne. Ban taɓa ganinta ba. Abin da ta bari mana hoto ne guda, ɗan ƙarami kamar na fasfo, duk ya koɗe.

Sana'ata ɗaukar hoto, biki da suna da Sallah. A wani ɗaki a unguwarmu Akwatialine nake gyara hotunan, da wata tsohuwar monita mai halin hawainiya: in ka zauna launi daban, in ka miƙe daban. Na saba da ita kamar yadda ake sabawa da maƙwabci mai rigima.

Da yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, ya miƙo mini hoton.

"Uwata, ki girmama mini wannan kafin hasken ya ƙare."

Na gyara, na kai aka wanke babba. Ya kai shi dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ajiye.

"Wannan matar mutane ce. Ina tsagarta?"

Ashe kakata tana da tsagar gado a kumatu, irin wadda ta zo da ita daga arewa. Ni a monitata kuncin nan baƙi ƙirin ne, ba komai a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, don idon Baba ba jira zai yi ba.

Washegari na sa hoton a kwamfutata ta hannu na hau trotro, motar haya, zuwa Adum a tsakiyar gari, neman monitar da za ta nuna tsagar. Masu shagunan can duk kanwar ja ce. Kowa ya ƙure hasken allo, ya sa hoton aku ko filin ƙwallo, kore shar har yana kashe ido. Wani ya nuna mini wata ƙatuwa mai lanƙwasa.

"Hajia, wei deɛ, wannan kam sinima ce!"

Na ce ba sinima na zo saya ba, ya jona mini kwamfutata. Kakata ta fito da girman ƙofa, kuncin nan dai duhu. Wata kuma allonta sheƙi kamar madubi, na leƙa neman tsohuwa sai na ga kaina da gumi. Wata ta mayar da ita ja kamar an shafa mata manja. Tun ana yi mini fara'a har aka fara kallona a matsayin mai taɓin hankali, mace tana yawo shago shago da hoton mamaciya. Ni kuwa ko a jikina.

A wani lungu na samu shagon kayan da aka yi amfani da su a waje. Mai shagon Bazabarme ne, yana cin waakye, wake da shinkafa, bai ko tashi ba. Ya ce in gwada duk wadda nake so. Can ƙasa na hango wata mai kauri, allonta ba sheƙi, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Na jona, na rage hasken, na ɗan ɗaga inuwar hoton.

Sai ga su. Siraran layuka daga gefen baki zuwa kunne. Na miƙe tsaye, suna nan. Na koma gefe, suna nan. Na zauna a kan wani kwali ina dariya ni kaɗai.

"Kin san ta ne?" in ji mai shagon.

"Yau muka haɗu."

Na sayi monitar, a cinya na riƙe ta har gida, yaron mota yana ta mita wai na cinye wurin mutum biyu. Har yau da ita nake aiki. Amaren zango sun daina cewa na ƙona musu fuska, abin da na gani a allo shi ke fitowa a takarda. Ina jin daɗinta, ba na ɓoyewa.

Ban jira an wanke hoton ba. Bayan la'asar na kamo hannun Baba na zaunar da shi gaban allon, na tsaya kusa ina nuna masa. Ya matso sosai. Ya sa yatsa yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, ni da ba na yarda kowa ya taɓa mini allo na ƙyale shi.

"Kin ga wannan gajeriyar? Ta ce motsi ta yi, hannun wanzami ya goce. Har ta tsufa tana jin haushinsa."

Ya yi dariya, sannan muryarsa ta sauya. Ya gyara zaman hularsa, ya ɗan ture ni da gwiwar hannu.

"Uwata, matsa. Bari in gaida ta ainihin."

Ya sauko daga kujera ya durƙusa.