Baba Elisha da Kwalaben Aziza

Bakwai saura kwata Baba Elisha ke fitowa daga gidansa a Kurmin Mashi, ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi jami'ar da yake aiki. Kafin ɗalibi na farko ya iso, ya riga ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na sashen nazarin halittu, ya naɗe hannun riga, ya tsaya gaban famfo. Aikinsa wanke kwalabe ne. Ba ya sa musu sabulu. A ruwan asid yake jiƙa su, ya ɗauraye da tataccen ruwa sau uku, ya kife su su bushe. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Duk wanda ya yi karatu a ɗakin nan yana da abin da yake tuna shi da shi. Wani ya ce shi ya koya masa auna garin sinadari ba tare da numfashinsa ya kaɗa ma'auni ba. Amma labarin da ya fi zama a bakin mutanen sashen shi ne na Aziza.

Aziza 'yar Abakpa ce, tana digirin digirgir a kan yadda abinci ke zagayawa a Kogin Kaduna. Gansakuka na tsotsar sinadarai daga ruwa, ƙwari su ci gansakuka, karfasa ta ci ƙwari, in kifi ya mutu ya ruɓe, sinadaran su koma ruwa. Biyu daga ciki take aunawa, naitirojin da fosforas, waɗanda manomi ya sani a buhun takin zamani, don ta ga ko suna daidai ko ɗaya ya rinjayi ɗaya. Damina guda ta yi tana ɗebo ruwa kowace Asabar. Ran Juma'a takan karɓi wankakkun kwalabe a hannun Baba Elisha ta tafi da su gida, saboda sammakon kogi.

Da sakamako ya fito, fosforas ya yi yawa ƙwarai, fiye da yadda kowa ya zata. Malamin da ke duba aikinta ya yi murna, aka sa mata ranar gabatarwa a gaban sashe.

Saura kwana huɗu, Baba Elisha yana ɗauraye wata kwalba da Aziza ta dawo da ita ba ta yi amfani da ita ba, sai ya ga kumfa. Kwalbar da ya wanke ba ta kumfa. Bai ce wa kowa komai ba, ya zuba mata tataccen ruwa ya gwada. Ruwan da bai taɓa zuwa kogi ba, sai ga fosforas a cikinsa.

Ya jira har ɗakin ya rage daga shi sai Aziza.

"'Yata, wa ke taɓa kwalaben nan a gida?"

"Ba kowa, Baba." Sai ta tuna. "Sai dai Inna. Takan ce warin tsami suke yi."

Ashe Inna Dije, mahaifiyarta, kowace Juma'a sai ta fito da su ta wanke da garin sabulu, ta goge tas, ta mayar cikin kwali, a ganinta taimakon 'yarta take yi. Garin sabulun kuwa yana ɗauke da fosforas. Abin da Aziza ta yi wata biyar tana aunawa, wani na kogi ne, wani na wankin Inna, kuma ba mai iya rabe su. Gyara ɗaya ne: ta jira wata damina ta sake daga farko.

"Baba, wa ya sani ban da ni da kai?"

"Ba kowa. Ni kuma ba zan kai ƙararki ba. Amma in wannan ya shiga littafi, wata rana za a je a ce wa manoman bakin kogi takinsu ne ya ɓata ruwa. Da sunanki za a faɗa musu."

Ta yi kuka. Ya ƙyale ta ta yi, ya ci gaba da ɗauraya. Washegari ita da kanta ta je ta faɗa wa malaminta, aka soke gabatarwar.

Abin da ya biyo baya ba ya cikin aikin da aka ɗauke shi. Ya ji Inna Dije ko abinci ba ta iya ci, tana cewa ita ta kashe wa 'yarta karatu. Ran Lahadi da aka tashi coci ya tuƙa babur har Abakpa.

"Malam Elisha," in ji Inna, "shekara arba'in ina wanki, ban taɓa jin tsabta ta yi ɓarna ba sai a wajenku 'yan boko."

"Hajiya, laifina ne. Ni na ba da kwalabe ban ce kada a wanke ba. Kuma da gaskiyarki, warin suke yi. Matata ma ba ta bari in taɓa mata kofin shayi."

Sai da ta yi dariya ya tashi.

Da damina ta zagayo, ya ɗage hutunsa na shekara, ya riƙa liƙe kwalin da hannunsa kowace Juma'a. Inna kuma ta zama mai gadinsa, ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kai. Sakamako na biyu bai kai na farko ban mamaki ba, amma na kogin ne. Aziza ta gama shekara guda bayan abokan karatunta. Yau Dakta ce, tana koyarwa.

Kai ne, Baba Elisha, gishirin miya, ba a ganinka sai ranar da babu kai. Kai ne ka faɗa wa yarinya abin da ba ta so ji, ba ka tozarta ta ba, ka kuma bi uwarta har gida ka sauke mata nauyin zuciya. Ba a rubuta sunanka a bangon littafi ko ɗaya ba, alhali littattafan da suka fita daga ɗakin nan ta hannunka suka bi.

Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar hutawa cikin jikokinka. Mu da muka rage a bakin aiki, ƙarami da babba, mu koyi abu ɗaya daga gare shi: mu faɗi gaskiya tun tana da amfani, sannan mu tsaya a yi gyaran da mu.