Haboba Mastura da Waƙar Juma'a

Kafin layin jarkoki ya yi tsawo a bakin famfo, Haboba Mastura, wato Kaka Mastura a bakinmu na Sudan, ta riga ta zauna a gindin aduwa da ɗan kaskon gawayinta. Fatar dalluka take gasawa, gangar yumɓun da ta gina da lakar rafin nan, domin wadda ta gada ta ƙone tare da ɗakinta a Darfur. Idan fatar ta ɗame sai ta taɓa ta da yatsa, ta kasa kunne, ta soma. Waƙar niƙa take fara yi, sannan waƙar shuka, ko da yake babu mai gona a cikinmu tun da muka tsallako Chadi. Mata na amshi suna matsar da jarka. Ranar da ba ta fito ba, sai an yi faɗa a layi.

Duk baƙuwar da ta sauka a sansanin nan, sai Haboba ta je ta tambaye ta ƙauyensu da waƙar da uwarta ke yi mata. Haka ta yi da wata mata da ta yi mako biyu ba ta ce uffan ba. Ta yi ta gwada mata waƙoƙi ana kallo, har ta faɗa kan ta garinsu, ta rera wani baiti ba daidai ba. Matar ta ɗago ta gyara mata. Maganarta ta farko ke nan.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro, ni da aji uku kawai na yi, shi ne maganar yayana Arbab.

Haboba hakama ce, wato mawaƙiyar da ke yabon maza ko zambo su. A wajenmu, idan hakama ta sa sunan namiji a waƙar ragwanci, ba budurwar da za ta miƙa masa ruwa, kuma 'ya'yansa ma sai sun ji ta a kasuwa. Maza sun fi tsoron bakinta a kan bindiga. Baharaddin ya san haka. Shi ne mutumin da ya tsallako daga can yana tara samari su koma yaƙi. Ya kai mata sukari da sabuwar laffaya, ya ce ta yi wa zaunannu waƙa, masu jiran dawar agaji kamar mata. Ta karɓa, ta ce a taru Juma'a bayan masallaci.

Samari goma sha tara suka ba da suna, har da Arbab. Shi ne ya goyo mahaifiyarmu kwana uku a daji saboda ƙafarta, amma tun zuwanmu bai daina cewa shi gudu ya yi ba. Ya ɗaure kayansa, ya ce ba zai tsaya a rera shi ba. Mahaifiyarmu ta daina cin asida, tuwonmu. Ta aike ni in roƙi Haboba, na je na tsaya a ƙofar bukkarta.

"Ke 'yar Sakina, inuwa kika kawo mini ko magana?" in ji ta. "Koma gida, ki ce uwarki ta ci abinci."

Ranar Juma'a fili ya cika. Ta buga dalluka, kuma sunan farko da ta kira na Arbab ne. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sai ta ce Arbab raƙumin Sakina, wanda ƙaya ta cinye masa tafin ƙafa bai sauke uwarsa ba. Ta kira wanda ya ratsa rafi da 'ya'yan maƙwabta biyu a wuya. Ta kira wanda ya haƙa kaburbura bakwai a hanya da murfin tukunya. Ɗaya bayan ɗaya take bi, ashe duk makon gida-gida ta zaga tana tambayar iyayensu mata. Guɗa ta tashi ta ko'ina.

Baharaddin ya matso. "Haboba, ba haka muka yi da ke ba."

"Waƙar maza ka ce in yi, ɗana. Su nake yi. Kai wa ka goyo?"

Aka yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Ta ɗora hannu a kan fatar, ta gaya mana cewa shekara ashirin da suka wuce ta yi irin waƙar da yake so. Mutum goma sha huɗu suka fita daga ƙauyensu saboda ita, har da ɗanta Yagub, uku suka dawo, babu shi. Ta miƙa masa laffayarsa a naɗe. Sukarin kuwa, ta ce ya yi haƙuri, matan layi sun shanye.

Ba zan ƙara gishiri ba. Huɗu sun bi shi duk da haka, kuma har yau ba mu ji labarinsu ba. Goma sha biyar sun zauna. Arbab ya kwance kayansa, yanzu bulo yake bugawa na ajin yara, 'yan mata na wucewa suna tsokanarsa da raƙumin Sakina, yana yi kamar bai ji ba.

Haboba, ke ce kika san nauyin bakinki, kika zaɓi inda za ki sauke shi. Ke ce kika nuna wa 'yan'uwanmu abin da suka yi, lokacin da su kansu ba sa gani. Yanzu muryarki ta soma dishewa, likita ya ce ki huta, sai kika tara mu mu takwas kina koya mana, kina dungure mini kai wai in ɗaga murya, sauro ma ya fi ni. Na gode. Mahaifiyata ta gode. Allah ya ja da ranki, ya kai ki gida da ƙafarki.

Ku da Allah ya ba bakin da ake ji, a sansani ko a gari, kafin ku buɗe shi a kan ɗan wani, ku fara zuwa ku tambayi uwarsa.