Laba Arba'in da Bakwai na Yaya Delbert

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da sikelin rumbun hatsi na garinmu a arewacin Iowa, kuma a duk waɗanda na auna wa masara ban ga mai taurin kai irin yayana Delbert Kruse ba. Ni ce Lorene, ƙanwarsa, don haka ina da bakin faɗa.

Yaya direban tankar madara ne har ya yi ritaya. Gonar da Baba ya bari kuwa matarsa Marlys ce ta riƙe ta. Ita ke huɗa, ita ke shuka, ita ke noma, a kan jar taraktar da Baba ya sayo sabuwa ful a 1952. Shekara ashirin tana kanta kafin su sayi babba, aka tura tsohuwar bayan rumbu, kaji suka mai da ita wurin saka ƙwai.

Ranar da Yaya ya ajiye aiki ya kori kajin. Ya ce gasar jan nauyi zai shiga da ita a bikin manoma na watan Agusta, inda ake ɗaura wa tarakta tirelar da nauyinta ke matsowa gaba, yana danne ƙasa har injin ya gaza. Wanda ya kai ƙafa ɗari uku ya gama fili. Yaya ya kwance injin kaf, ya faɗaɗa silinda, ya sa manyan fistan, ya sauya kabureta. Ya yi mako biyu da dutsen guga yana fere haƙoran tayoyin baya ɗaya bayan ɗaya don su ciji ƙasa. Hannu dai Allah ya ba shi, wannan ba na musu. In ya tashe ta, daga coci kana jin muryarta.

Amma shekara goma sha ɗaya bai taɓa gama fili ba. Da tirela ta yi nauyi, gaban taraktar ya ɗaga sama, sai ka ga Yaya yana kokawa da sitiyarin da tayoyinsa ba sa taɓa ƙasa, ta karkace, ta taka farin layi, a ɗaga masa jan tuta. Marlys ta taɓa ce masa, "Ka saki sitiyarin nan, da burki ake juya ta." Ya ce, "Marlys, wannan ba noman masara ba ne." Daga nan sai dai ta kawo masa kofi gareji.

Bara ce damarsa ta ƙarshe. Gwiwoyinsa sun ƙi, kuma shi da Marlys sun riga sun yanke shawarar komawa birnin Des Moines kusa da 'yarsu a watan Oktoba, gidan da ko keke ba shi da wurin ajiyewa. Abu ɗaya yake so kafin nan: a ji mai lasifika ya ce taraktar Baba ta gama fili.

Sai ya ce laifin ajin da yake shiga ne, na taraktoci masu nauyin laba dubu biyar da ɗari biyar, inda duk sun fi shi injin. Zai sauko ajin dubu huɗu da ɗari biyar. Ya yi wa taraktar tsirara: ya cire madgadi, fitilu, akwatin sifana, ya tsiyaye ruwan gishirin da ake zubawa cikin tayoyi don ƙarin nauyi, ya sa ƙaramin batir. A watan Yuni ya kawo mini ita sikeli, ya sauka ya tsaya gefe.

"Dubu huɗu da ɗari uku," na ce. "Hau mu gani, ai da direba ake aunawa."

"Na san nauyina. Ɗari da casa'in. Har rarar goma gare ni."

"Yaya, ɗari da casa'in ɗin nan wa ya gaya maka?"

Ya zaro lasisin tuƙinsa ya nuna mini inda aka rubuta nauyinsa. Lambar da ya faɗa wa yarinyar ofis tun 1988 ce, duk sabuntawa ya ce a bar ta haka. Duk mazan gundumar nan haka suke yi, amma ban taɓa ganin wanda ya yarda da ƙaryarsa har ya gina tarakta a kanta ba. Na ce ya hau, ya yi kunnen uwar shegu ya tafi. Raina ya ɓaci, na ce to, mu haɗu a Agusta.

Ranar biki ni ce a sikeli, kamar kowace shekara. Rana ta take, layin taraktoci har rumfar matan coci masu sayar da soyayyar kaza. Yaya ya hawo yana wani cin magani, da sabuwar hula. Na dubi allo na ce, "Dubu huɗu da ɗari biyar da arba'in da bakwai."

"Sikelinki ya lalace."

"Sikelina ne ya auna masararka shekara talatin, ba ka taɓa cewa ya lalace ba."

Arlo Brinkman, abokin tsokanarsa tun suna firamare, yana bayansa a kan koriyar taraktarsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Del, cire takalmi! In bai isa ba ka cire tumbin!" Layi ya ɗauki dariya. Yaya ya sauko ya zagaya taraktar sau biyu yana neman abin cirewa. Babu. Shi da kansa ya riga ya kwashe komai. Ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Lorene, ƙanwata ce ke."

"Shi ya sa na gaya maka tun Yuni."

Na ji tausayinsa har cikin raina, amma ba zan yi ƙarya a sikeli ba ko Baba ne ya dawo. Zaɓi biyu ya rage masa: ya koma babban aji ya sha kaye kamar kullum, ko ya ba wani kujerar, tunda doka ta yarda a canza direba kafin a maƙala sarƙar tirela. Ya dafa murfin injin. Can ya juya wajen Marlys, wadda ke tsaye da jakarta da laima.

"Nawa ne nauyinki?"

"Ba a tambayar mace, tsoho. Riƙe mini jakar."

Ta hau da takalminta na zuwa coci. Dubu huɗu da ɗari huɗu da talatin. Rarar laba saba'in! Arlo da kansa ya ciro ƙarfen nauyi daga motarsa, Yaya ya rataya shi can gaba, ya duƙa da gwiwoyin nan nasa ya auna tsayin ƙugiyar da za a maƙala sarƙar. Yana ta yi mata bayanin giyar tarakta, ta ce, "Delbert, matsa."

Aka ɗaga koriyar tuta. Ta saki kuloci a hankali, taraktar ta tafi tana gurnani. A ƙafa ɗari biyu gaba ya ɗaga, daidai inda Yaya ke rikicewa. Marlys ko gezau. Ta ɗora hannuwa a cinya, ta taɓa burkin hagu kaɗan, ta taɓa na dama, kamar yadda ta yi shekara ashirin tana bin kunyar masara. Ɗari biyu da hamsin. Ɗari biyu da tamanin, injin ya fara shaƙewa, ana iya ƙirga bugunsa. Na bar sikelina, abin da ban taɓa yi ba, ina ihu. Yaya na ɗingishi a gefen fili da jakar mata a kafaɗa yana cewa, "Ja, 'yar Baba, ja!" Hayaƙi ya tashi, ta ƙara yunƙurawa, ta tsallake layin ƙarshe.

Mai lasifika ya ce, "Jar tarakta ta gidan Kruse, ƙirar 1952, ta gama fili!"

Na iske Yaya yana kuka, ba ya ma ɓoyewa. Arlo ya dafa shi ya ce, "To, Del, wa za mu ce ya ci?"

Ya share fuska da sabuwar hular. "Injin nawa ne," ya ce. "Shekara goma sha ɗaya ina canza mata kaya, ashe abu ɗaya ne ban canza ba." Ya miƙa hannu ya sauko da Marlys a gaban kowa, ya ce mata, "Ashe noman masara ne."