Usmaniyyar da Kawu Ya Ji

Shekarun baya, jihar Zamfara tana sabuwa, na dawo Ƙaura daga jami'a na samu aiki a sashen tsara gari. Kaina cike yake da karatu. Na karanta yadda Turkawa, a ƙarni na sha tara, suka riƙa miƙe titunan Istanbul duk inda gobara ta ci unguwa, suna fasa lungunan da ba sa ɓullewa. Tun daga nan, duk lungun da na gani a garinmu sai hannuna ya kama ƙaiƙayi.

Aka ce za a faɗaɗa hanyar unguwarmu har kasuwa. Abin da ya tare ta shi ne zauren kawuna, yayan mahaifiyata, inda yake karantar da dattawa bayan la'asar. Kakansa ne ya gina shi. Sau biyu ana aika masa yana ƙi, sai aka tura ni.

Na zauna na yi ta zuba. Na ce, "Kawu, ko a Daular Usmaniyya haka aka yi. An rushe gine-gine, an miƙe hanya don jama'a."

Ya ɗago kai. "Daular Usmaniyya? Haka anka yi?"

"A littafi na karanta."

Sai ya ce, "In Shehu ya yi, ni wane ne? Ku taho ku sa jan fentinku."

Nan take na gane. Ni daular Turkawa nake nufi, shi kuwa ta Sakkwato ya ji. Kalma ɗaya ta isa gyara, amma na haɗiye ta, na yi godiya. Bayan sati biyu katafila ta zo. Hanyar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kawu ya mayar da karatunsa gindin dogonyaro.

Sai da Shari'a ta zo, ko'ina ana wa'azin amana, sannan na je na faɗa masa gaskiya, cike da kunya.

Ya ce, "Su Turkawan ga, Musulmi na?"

Na ce Musulmi ne.

"To, da sauƙi. Ni dai Shehu na ba zaurena, ladana na nan. Kai kuwa, kai ka san wanda ka karɓar ma."

Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Ni kuwa har yau in zan ce Usmaniyya, sai na ƙara da "ta Turkawa", ko ba a tambaye ni ba. In zan je kasuwa kuma, ta lungu nake bi.