Fursunan Saje Labbo

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu, can gaba da Zurmi, ya san kakana Saje Labbo bai taɓa yarda ya yi ritaya ba. Gwamnati ta karɓe kakinta da bindigarta tun kafin a haife ni, amma kamu kam bai daina ba. Akuya ta shiga gonar gero, sai ya damƙe ta ya ce, "Na kama ki da sunan hukuma!" Ya ɗaure ta a ƙofar gida, ya zuba mata dusa, ya aika a kira mai unguwa. Ranar nan mai gona ya zo da sanda, Saje ya tare shi.

"Kul! Tana hannun hukuma."

"Haba Saje! Gerona fa ta ci!"

"Ina shaidarka?"

"Ga zangarniya nan a bakinta!"

"To shaida ce, kada wanda ya taɓa."

Kafin mai unguwa ya iso, akuya ta cinye shaidar.

Mu jikoki dariya muke yi. Amma dokarsa ɗaya ce, ga dabba ga mutum: abin da ya kama, ba mai taɓa shi sai alƙali.

Tsofaffin direbobin Shinkafi har yau suna ba da labarin zamanin da yake aiki a bakin iyaka. Sun ce yana harbo ɗan goriba ɗaya a sama, sauran ko motsi ba su yi ba. Wai wani ɗan fashi da ya addabi hanyar Badarawa ya yi musayar wuta da shi, harsashin ɗan fashin ya ƙare, ya ɗare tsamiya. Yaran Saje suka ce, "Oga, a harbo shi mana." Shi kuwa ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiyar, ya aika aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, yana ci yana santi. Da rana ta yi rana sai murya ta fito daga cikin ganye.

"Saje, in na sauko ba ka harbi na?"

"Harsashin gwamnati a kanka? Sauko ka wanke hannu, miya na hucewa."

Wannan jin sa na yi. Na ƙarshen kuwa da idona na gani, kamar yadda da yawanku kuka gani.

Lokacin kun san halin da muke ciki. 'Yan bindiga sun kashe mana mutane, sun kore shanu, kowa zuciyarsa a wuya. Aka wayi gari an sace shanun wani Alhaji, sai samarin sa-kai suka kamo Jaɓɓi, makiyayin da matarsa ke kawo mana nono. Suka ja shi bakin kasuwa, goshinsa na jini. Ba wanda bai san abin da zai biyo baya ba, kuma ba wanda ya tare su.

Sai ga Saje yana ɗingishi da sandarsa. Ya ratsa taron, ya kwance rawaninsa, ya ɗaure bakin ɗaya a hannun Jaɓɓi, ɗayan a nasa.

"Na kama ka da sunan hukuma!"

"Baba, wace hukuma?" in ji Sani, shugaban samarin. "Hukumar da ba ta zo ba ranar da aka kashe yayana? Kauce!"

Ya ɗaga bindigar toka. Saje ya dube shi daga sama har ƙasa, ya yi tsaki.

"Kai ɗan Hassi, wa ya koya maka riƙon bindiga? Sauke gwiwar hannu. Danne ta a kafaɗa, kada ta fasa maka haƙora. Yauwa. In za ka harbe ni, harbe ni daidai. Kada a ce ɗan garinmu ya kuskure tsoho daga nan zuwa nan."

Wani ya tuntsure da dariya a baya. Sani ya sauke bindigar. Saje ya sassauta murya.

"Ni na wanke gawar yayanka, na san ciwonka. Amma wanga mutum sai ya ga alƙali. Ka biyo mu ka faɗi abin da ka sani."

Ba mai mota ko mashin da ya yarda ya ɗauke su, kowa na tsoron abin da za a ce. Saje ya ce daman shi bai nemi alfarma ba. Suka kama hanyar Zurmi a ƙasa, rana tsaka, rabin gari na biye da su. Na matsa kusa na tambaye shi a hankali ko ya tabbata Jaɓɓi ba shi da laifi.

"Ina na sani? Da na sani, mi za ni yi Zurmi da wagga ƙafa?"

Ƙafar ce kuwa ta ci amanarsa. Ana hango gari gwiwa ta ƙi. Muka ce mu ɗauke shi, ya ce ba mai shiga tsakaninsa da fursuna. Sai Jaɓɓi ya durƙusa ya goya shi. Haka suka shiga ofishin 'yan sanda, rawani ɗaure, Saje a bayan fursunansa yana ba da umarni, "Hagu! Dama!" Ɗan sandan da ke kan kanta ya miƙe baki buɗe.

"Baba, don Allah wa ya kawo wa?"

Aka yi bincike, aka saurari Sani da kowa, aka sallami Jaɓɓi. Saje kuwa bai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba har ya bar duniya. Ranar jana'iza Jaɓɓi na riƙe da makara ta gaba, Sani ta baya.

Allah, ga Labbo nan ya zo hannunka. Ka riƙe shi yadda ya riƙe bayinka, kada ka bari komai ya taɓa shi. Amin.