Keke Mai Ƙyalli A Cikin Rairayi

Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce da ban cika ashirin ba, na ci jarabawar birebe ta gama kolej, ina ji da kaina, kuma ba a gama magana ban mayar ba. Shan inna ya kama ni tun ina goye, ƙafafuna ba su taɓa ɗaukata ba, amma duk wanda ya san ni a ƙauyenmu na Adar zai gaya muku abin da aka rage mini a ƙafa an ƙara mini a harshe. Da wani tsohon keke mai ƙafa uku na yi lakkol, wato firamare, da kolej, irin wanda ake tuƙawa da hannu, babana ya sa aka haɗa mini shi tun ina ƙarama. Na girma, keken bai girma ba. Gwiwoyina na bugun sarƙa, ƙarfen kuma an yi ta liƙa shi da wuta har babu sauran wurin liƙi. Lise, makarantar gaba da kolej, sai a babban gari, inda zan zauna gidan gwaggona, kuma tsakanin gidanta da makarantar akwai busasshiyar ƙorama cike da rairayi, daga nan sai hawa mai duwatsu. In babu keke babu karatu, magana ta ƙare.

Baba ya kai ni meri, ofishin magajin gari, wurin wata madam mai kula da sha'anin naƙasassu. Ta karɓe mu da mutunci, ta ce kowace shekara ana ware wani abu daga kuɗin gari saboda irinmu, amma sai konseye, wato kansilolin gari, sun zauna sun amince, sannan a kai ni Madawa wurin mai haɗa ƙarfe ya auna ni. Na yi dariya, na tambaye ta ko riga za a ɗinka mini da sai an auna. Ta ce keke ya fi riga buƙatar awo, don riga ana tuɓe ta, keke kuwa a kansa zan wuni. Ban saurara ba. Ina ganin ranar komawa makaranta na matsowa, ga shi na ji wani furoje na masu ba da agaji zai zo garin ya raba kekuna sababbi fil. Madam ta ce ta ga irinsu, na cikin likita ne, wato asibiti, an yi su don daɓen siminti, kuma in na karɓa za a ɗauke ni cikin waɗanda aka riga aka sallama. Baba ya ce in bi maganar manya. Ni kuwa na ce mai ƙafa biyu da ke zaune ƙarƙashin fanka ba za ta koya mini jira ba. Har yau in na tuna yadda Baba ya sunkuyar da kai sai kunya ta kama ni.

Ranar rabo an kafa rumfa, an yi jawabai, an ɗauke mu foto. Keken da aka ba ni sai ƙyalli yake, ledarsa ma ba a cire ba, ana naɗe shi a jingine jikin bango. Na zauna a kai ina ji kamar matar minista. Ranar farko ta makaranta muna isa ƙorama, ƙananan ƙafafun gaba suka nutse cikin rairayi. Na tura manyan da duk ƙarfina, suna juyawa a wuri ɗaya suna watso mini ƙasa. 'Yan ajinmu suka ciccibe ni da keken suka tsallakar, a kan duwatsun kuma haƙorana har haɗuwa suke. Ni da ban taɓa roƙon kowa ya tura ni ba, na koma kowace safiya ina bakin ƙorama ina jiran wanda zai ji tausayina. Da farko ana rububin taimakona, daga baya kowa na tsoron ya tarar an rufe ƙofar makaranta, kuma ban ga laifinsu ba. Mazaunin ya yi mini faɗi, ina zamewa gefe ɗaya, ga zafi, ga zufa, har gyambo ya buɗe mini a ƙugu. Majo, babban ma'aikacin jinya na likitar unguwa, wanda maƙwabcin gwaggo ne, ya duba ya ce in ina son raina in sauka daga keken nan sai ciwon ya rufe. Haka zangon karatu guda ya wuce ina kwance a tabarma.

Abin da ya fi ciwon zafi shi ne an hana ni faɗa. Gwaggo ta ce a gidansu ba a kushe kyauta, duk wanda aka bai wa abu a gaban jama'a ya dawo yana ƙorafi, butulu za a kira shi, kuma sunan babansa za a ambata. Na koma meri a kan amalanke, madam ba ta ce ai ta gaya mini ba, sai dai ta ce yanzu da wuya, don konseye za su ce ga masu rarrafe da ba su samu komai ba.

Wata la'asar kawuna ya dawo daga cin rani a Aljeriya, suna shan shayi a tsakar gida da mijin gwaggo da majo, ni ina gefe a kwance. Maganata ta tayar da gardama. Kawu ya ce can inda ya fito mutum na shiga likita a duba shi ba a tambayi aljihunsa ba, gwamnati ce uwa ita ce uba. Mijin gwaggo, mai fatauci zuwa Najeriya, ya ce wa kawu ya yi shiru, shi da ke ɓuya a can in ya hangi ɗan sanda don ba shi da takarda, yaushe ya ga cikin likita. Shi mijin gwaggon a ganinsa gara mutum ya biya a likitar kuɗi ya zaɓi abin da yake so, don abin kyauta ba ka da bakin magana a kansa. Kawu ya tambaye shi to wanda ba ya da ko akuya fa, ya mutu ke nan? Majo ya ce su duka biyun ba su taɓa tsayawa gaban uwa da ɗa mai zazzaɓi ba alhali maganin da aka ce kyauta ne ya ƙare. Ya ce niyya akwai, masu taimako ma akwai, amma kowa abin da ke hannunsa yake turowa. Na ɗaga kai na ce musu tun ɗazu suna ta raba ƙasashe a kaina, amma babu wanda ya tambaye ni wace hanya nake bi zuwa makaranta, kuma masu keken ma ba su tambaya ba. Gwaggo ta ce in rufe baki gaban maza. Majo ya ce a bar ni, ya ƙara da cewa zaman konseye ba a hana kowa shiga, in ina da wanga baki in kai shi can.

Da gyambon ya rufe na sa aka kai ni zaman konseye a kan keken, Baba na biye da ni yana ta addu'a kada in zubar masa da mutunci. Wannan karon na fara da gaisuwa, na gode wa masu kyauta, na amsa cewa an gargaɗe ni na ƙi ji. Wani konseye ya ce keke keke ne, ɗiyar nan dai zaɓe take yi. Na sauka ƙasa da hannuwana, na ce wa dattijon konseyen don Allah ya hau keken ya kai shi bakin ƙofar meri kawai ya dawo, in ya kai na janye maganata. Dattijon mai raha ne, ya naɗe babbar rigarsa ya hau. Kan siminti ya tafi sumul yana ɗaga wa mutane hannu, yana sauka cikin rairayin fili keken ya kafe. Ya tura, ya yi nishi, hularsa ta faɗi, abokan wasansa na ce masa ya ƙara mai. Ya miƙe yana haki ya ce wallahi jakinsa ya fi wannan abu. Shi da bakinsa ya nemi a amince a haɗa mini keken awo, har ya ce daga yau a riƙa tambayar mutum hanyarsa kafin a ba shi keke.

Ba a yi a ranar ba, na sake jira, kuma na jira bakina a rufe. A Madawa mai haɗa ƙarfe ya auna ƙuguna da bayana da tsawon hannuna, ya tambaye ni rairayi ya fi yawa a hanyata ko dutse. Ya sa mini tayoyi masu faɗi, da mazauni mai laushi daidai jikina, da ɗan akwati a baya na littattafai. Ba ya ƙyalli, fentinsa ma har da ɗigo. Na maimaita aji, amma na ci bak, jarabawar gama lise, yanzu ina karantarwa a wata makaranta a tsallaken ƙoramar, kuma da keken nan nake zuwa. Mai ƙyallin na kai wa majo, yana can ana ɗaukar masu haihuwa da tsofaffi a kan siminti, ya samu gidansa. Madam kuwa na je na ba ta haƙuri, ta ce in biya ta da zuwa zaman konseye duk lokacin da za a yi maganar naƙasassu, kuma ina zuwa.

Kawu da mijin gwaggo har yanzu suna gardamarsu, ni ban san wace ƙasa ta fi ba. Abin da na sani shi ne gaggawata ta ci mini shekara, kunyar kushe kyauta kuma ta kusa cinye karatun gaba ɗaya. 'Yan uwana masu naƙasa da iyayensu, in an ce a jira awo ku jira, kada ƙyalli da foto su ruɗe ku, in kuma abu bai yi muku ba ku gode sannan ku faɗa a inda ake yanke shawara. Masu bayarwa, Allah ya saka muku, amma ku zo ku ga hanyarmu tukuna. Ni dai kowace safiya ina ratsa ƙoramar nan da hannuna, ba na jiran kowa.