Yaya Ya Toshe Hanci, Alhaji Ya Toshe Ruwa

Gonarmu ce ta ƙarshe a layin ruwa, can tsakanin Kura da Bunkure, kuma duk wanda ya taɓa noman rani ya san abin da hakan yake nufi. Ruwa zai fito daga babban kanal, ya biyo ƙaramar hanya, ya ratsa gonakin mutane kowa ya sha ya ƙoshi, sannan a bar mana ragowa. Mu biyu mahaifinmu ya bar wa filin, ni da yayana, kuma tun muna samari aka raba aiki. Ni ne mai ban ruwa, Yaya ne mai faɗa. Ranar da ruwa ya zama namu, shi yake bin hanyar da fartanya a kafaɗa, duk inda ya ga an tare da buhun ƙasa sai ya ɗaga murya har a jiyo shi a bakin titi. Ni kuwa ina tsugune da bututan robana. In nutsa ɗaya a ruwa, in toshe bakinsa da tafin hannun hagu, in girgiza da na dama har ya ja, sannan in sake shi cikin fangali, wato kwamin da aka shuka tumatir. Shekara talatin da ɗoriya muna haka, tumatirinmu bai taɓa kwana da ƙishirwa ba.

Sai Yaya ya fara ciwon kai da jiri. Aka je asibiti a Kura, malamar asibiti ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa, ta ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce a rage gishiri. Har nan ban ce komai ba, magani ai magani ne. Abin da ya ƙona min rai shi ne ƙarin da ta yi. Wai ta koya masa numfashi. Numfashi fa! Dattijo da jikokinsa, sai yanzu za a koya masa abin da jariri yake yi tun ungozoma ba ta yanke cibi ba.

Ranar da na fara ganin abin da idona, na zo ɗaukarsa ne da hantsi mu tafi gona. Na tarar da shi a kan tabarma a zaure, ya tanƙwashe ƙafa, ya rufe ido, ya sa babban yatsa ya toshe hanci ɗaya yana jan iska ta ɗayan. Sai ya sauya, ya toshe wancan ya saki ta wannan. Na tsaya ina kallon ikon Allah. Da ya gama wannan kuma sai ya toshe kunnuwansa ya kama wani gunji a maƙogwaro kamar ƙudan zuma ya shiga tulu.

Na ce, “Yaya, lafiya? Ko a kira mai ruƙiyya?”

Bai buɗe ido ba sai da ya kai inda yake son kaiwa. Sannan ya ce sunan abin yoga, daga Indiya ya zo, malamar ta ce yana kwantar da zuciya idan rai ya ɓaci.

“Daga Indiya! To saura rawar, yaushe za a fara? In kawo maka gyale?”

Dariya kawai ya yi. Wannan dariyar ma ta ba ni haushi, don Yayan da na sani da tuni ya jefe ni da buta.

Da zai koma awo ni na kai shi a babur, kuma da niyya na je. Na ce wa malamar, ƙaramar yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, “Malama, ke kika mayar min da ɗan'uwa mai gunji?” Ta ce, “Baba, numfashin ba ya maye gurbin magani, na gaya masa kada ya kuskura ya bar ƙwayarsa. Taimako ne kawai, don fushi yana tayar masa da jini. Kai ma kawo hannunka in auna, tunda uwa ɗaya uba ɗaya kuke.” Na maƙe hannuna. Na ce mata jinina yana nan inda Allah ya ajiye shi, bai hau ko'ina ba, masu zaman ofis ne suke da lokacin irin wannan ciwo. Ta ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa. Na ce ruwan da nake da shi na tumatir ne. Na ja tsaki na fita na bar su.

To, akwai wani Alhaji da gonarsa take sama da tamu, gona uku tsakani. Bai gaji noma ba, saye ya yi bayan ya tara abin duniya a birni, kuma shinkafa yake yi, wadda ba ta ƙoshi da ruwa. Mutum ne mai fara'a a masallaci, mai ƙeta a gona. Zai gaishe ka har da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, kana juya baya ya jera buhunan ƙasa a hanyar ruwanka. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, muryar Yaya. Labari kuwa ba ya ɓuya a ƙauye. Cikin mako biyu kowa ya san Yaya ya daina faɗa ya koma toshe hanci, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Lokacin zafi ya fara, ruwa ya ja baya a kanal, tumatirinmu kuma ya yi fure. Wanda bai sani ba, a wannan gaɓar ce tumatir ba ya yafiya. In ya sha ƙishirwa furen zubewa yake, in fure ya zube kuwa shekarar ta tafi. Ranarmu ta zo, muka jira tun safe, hanyar ruwa a bushe ƙayau. Muka bi sawu, sai ga buhuna shida a bakin gonar Alhaji, ruwanmu yana malala cikin shinkafarsa. Na kalli Yaya. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ce alhamdulillahi, yau za a yi ta. Me zan gani? Sai mutumin nan ya juya ya nufi gindin dalbejiya, ya zauna, ya ɗaga yatsa ya toshe hanci.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Masu feshin magani a gonakin kusa sun tsaya suna kallo, Alhaji yana daga nesa yana gyara hula. Da Yaya ya gama sai ya taso a hankali ya ce, “Mu je wajen shugaban masu ban ruwa mu kai ƙara.”

“Ƙara? Kafin su zauna su gama gaisuwa furen ya zube! Ka je ka shaƙa wa tumatir iskar ya sha mana!”

Ya tafi shi kaɗai. Shugaban ya ce za a duba. Da yamma lis aka sako mana ɗan abin da bai isa jiƙa rabin gona ba.

Mako na biyu haka, sai dai buhunan sun zama takwas. Ganye ya fara lanƙwashewa, fure na faɗuwa in ka taɓa reshe. Na daina cin abinci da Yaya. Duk inda na zauna sai na kwaikwayi gunjinsa, mutane su yi ta dariya, ni kuma in ƙara. Na ce an yi wa zaki aski, na ce malamar asibiti ta cire masa hawan jini ta haɗa da zuciya. Ya ji duk, don a gabansa ma na faɗa. Abin da ya ce min kawai shi ne, “Na ga fuskarka tana yin ja in kana magana, kuma kana dafe ƙeya. Ka je a auna ka.” Na ce ya riƙe nasiharsa, raggo ba ya yi wa namiji wa'azi.

Mako na uku ban jira kowa ba. Rana ta take, na ɗauki fartanyar Yaya, ita dai wadda ya ajiye, na bi hanyar ruwa. Na tarar da Alhaji da kansa a tsaye kan buhunan. Ya fara, “A'a, sannu da zuwa, ya iyali?” Ban bari ya kai ƙarshe ba. Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa mahaluƙi ba, na tono asalinsa, na kira shi ɓarawon ruwa a gaban ma'aikatansa. Na shiga cikin laka har gwiwa na dinga fizgo buhunan nan ina jifa da su cikin shinkafarsa, ɗaya bayan ɗaya, ina ihu. Kaina yana sarawa kamar ana buga guduma, ban kula ba. Alhaji ya ja da baya. Matsoraci ne dama, irinsu ba sa iya tsayawa gaban mai gaskiya.

Ruwa ya ɓalle ya nufi gonarmu, ni kuma ina biye da shi ina haki, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba. Na iske Yaya a bakin fangali. Na ce, “Ga ruwa nan na kawo, ba da hanci ba.” Na tsuguna na ɗauki bututu, na nutsa shi, na kai hannun hagu zan toshe bakinsa. Hannun ya ƙi zuwa. Na sake aika shi, ya ƙi. Bututun ya sulale ya bi ruwa ina kallo. Na buɗe baki zan ce Yaya kamo min shi, sai na ji harshena ya yi nauyi, maganar ta fito a karkace, miyau yana bin haɓata.

Abin da na iya tunawa shi ne fuskar Yaya a saman tawa. Bai yi ihu ba, bai ruɗe ba. Ya kwantar da ni a gefe, ya kwance min maɓallin wuya, ya kira mai adaidaita sahu a waya ya kwatanta masa hanya dalla-dalla. Daga Kura aka wuce da ni Kano. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, jinina ya daɗe a sama, ba yau ya hau ba, kuma da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Ruwan da na ƙwato kuwa, tunda babu mai ja masa bututu, haka ya wuce ta gefen tumatirinmu yini guda, ya zube a magudanar bayan gona. Ko fangali ɗaya bai sha ba.

Yanzu shekara biyu ke nan. Ƙafata ta dawo, ina jan ta zuwa masallaci. Bakina ya miƙe, kamar yadda duk wanda ya zauna da ni zai shaida. Hannun hagu ne ya tafi bai dawo ba, yana nan a kan cinyata kamar na aro. Shugaban masu ban ruwa ya zauna a ƙarshe, bayan an ga abin da ya same ni, aka ja wa Alhaji kunne. Tir da shugabancin da ba ya motsi sai mutum ya faɗi. Alhajin ma ya zo duba ni da ledar lemo, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ce a ba awaki.

Kada wani ya ɗauka na tuba na koma yabon gunji. Har gobe in na ji Yaya yana kukan ƙudan zumarsa a zaure sai na ja tsaki, abin ba shi da kyan gani ga dattijo. Amma shi yake noma gonar yanzu, da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, yana shan ƙwayarsa, ni ma ina shan tawa.

Rannan da hantsi ya biyo zai tafi ban ruwa, da bututaina a ɗaure a bayan kekensa. Na kalle su, na kalli hannuna, sai wani baƙin ciki ya taso min har na fara zagin Alhaji, da shugaban, da kanal ɗin gaba ɗaya. Na ji ƙeyata ta fara sarawa, irin sarawar ranar nan, sai tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Yaya ya jingine keken, ya zo ya zauna kusa da ni a kan tabarma.

Na ce, “Kada ka fara. Ni da ko bututu ba na iya ja, me na iya kuma?”

Ya kamo hannuna na dama, ya ɗora min babban yatsana a gefen hanci.

Ya ce, “Wannan aikin hannu ɗaya ya ishe shi. Ja a hankali.”

Na leƙa ƙofar zaure na ga babu mai wucewa. Sannan na rufe ido na ja.